A Dakatar da Yankan Saniyar Marigayi Kefas

Rhoda Kefas,
Bayan Layin Dogo, Hanwa,
Sabon Gari, Zariya.
14 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Shirin Inganta Irin Shanun Nama,
Ƙungiyar Masu Kiwo ta Haɗin Kai, Samaru.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SANIYAR DA AKA WARE DON YANKA RANAR JUMA'A

Bayan gaisuwa da ban girma, ni ce matar marigayi Kefas, ɗan ƙungiyarku, wanda ya rasu a Disambar bara. Ga kukana.

1. Ba na ja da manufarku. Mijina ma ya yarda cewa saniyar da ke ci ba ta ƙiba asara ce, sai dai ta yi ta gyatsar iskar da ke ƙara zafin duniya. Shi ya sa ya amince a riƙa fitar da irin waɗannan daga garke.

2. Ranar Alhamis, 9 ga Mayu, ina coci wurin Zumuntar Mata, ma'aikatanku suka zo awo. Suka ga saniyarmu Ladi a rame, suka shafa mata jan fenti, suka sa ta a mota. Ko sallahu ba a bar wa maƙwabta ba.

3. Ranka ya daɗe, Ladi ba ragguwa ba ce. 'Yan maruƙa biyu take shayarwa. Ɗaya nata ne, ɗayan uwarsa ta mutu wajen haihuwa a Afrilu. Na shafa masa gishiri a baya, yadda na ga Kefas yana yi, Ladi ta yi ta lasa har ta karɓe shi. Uwar da ke shayar da biyu, ina za ta samu ƙiba? Sikeli bai tambaya ba, masu sikelin ma haka.

4. Na gwada ba 'yan maruƙan madara a kwalba, sun kau da kai. Marayan ya mutu ranar Lahadi. Ni na haƙa ramin, kuma wallahi na yi kukan da ban yi ba tun jana'izar mijina.

Don haka ina roƙo a dakatar da yankan da aka sa ranar Juma'a, 17 ga Mayu, a dawo mini da Ladi. Idan ta yaye, a sake auna ta, duk hukuncin da kuka yanke zan karɓa. Ɗan da ya rage yana tsaye a bakin turkenta, muryarsa ta fara dishewa. Ba na jin zai kai Juma'ar.

Taku cikin ladabi,
Rhoda Kefas