Ƙarar Bindiga a Wayar Bulus

Laraba da dare, Kafanchan

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Da yamma ƙanena Bulus ya haɗa wayarsa da sifika, yana buga gem ɗin nan na harbin gawarwaki masu tafiya. Ƙarar bindiga ta cika gidan. Sai ga Mama ta fito daga kicin a guje, takalmi a hannu, tana kiran sunayenmu, har da na Baba. Rabon da in ga fuskarta haka tun daren da aka kashe shi muka gudo daga ƙauye.

Na yi wa Bulus tsawa. Ya ce ai nawa gem ɗin na tsofaffi ne, yawo da takobi, gaishe-gaishe da mutanen gari, neman ganyen magani. Na yarda. Ko ba komai a nawa ana warkar da mutum.

Da hankalinta ya dawo, ya nuna mata wayar don ta ga wasa ne kawai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wato sun tashi daga matattu, ku kuma kuna harbinsu?"

Bulus ya kashe wayar.

Yanzu na leƙa ɗakinta. Ta yi barci da takalmi a ƙafa.