Kyandir Mai Tsawon Stanica

Litinin, 21 ga Janairu, 1348, Ragusa

Wani jirgin ruwa ya shigo daga gabas, rabin matuƙansa a kwance. An sauke ulu, an sauke kakin zuma, na sayi kakin yin kyandir da araha har na ji kunya. Matattun ɓeraye a bakin tasha, yara na shurinsu cikin ruwa. Gajimare ya sauko kan teku, tsibiri kamar yana tafiya.

Lahadi, 3 ga Fabrairu

Idin Waliyyi Vlaho mai tsaron garinmu, amma ban ga mai dariya ba, annoba ta shiga gari. Likita ya ce iska ce ta ruɓe, wai taurari uku sun haɗu inda bai kamata ba. Fada Marin, limamin cocinmu, ya ce zunubanmu ne. Iya Radula maƙwabciyarmu ta ce kallon majinyaci kaɗai ya isa. Kowa da tasa, amma duk a shagona suke ƙarewa da zare a hannu. A auna mai ciwo daga goshi zuwa diddige, a kawo mini zaren in yi lagwani da shi, in tsoma a kaki ya zama kyandir mai tsawonsa, in naɗe kamar gammo. Sai a kunna a gaban waliyyi, ya san wanda ake roƙa wa rai.

Matata Stanica ta ce, "Ni ranar da na kwanta ba za ka yi asara ba, Dogo. Guntun kaki ya ishe ni." Na ce ta daina. Shekara ashirin muna tare, kanta bai taɓa kai kafaɗata ba.

Alhamis, 14 ga Fabrairu

Kaluluwa a hammata ko a matsematsi, zazzaɓi, sai makara. Zaruruwa na rataye a ƙusa suna jiran layi. Na san kowanne. Wannan mai fito ne, wancan 'yar mai burodi. In iska ta shigo sukan motsa, sai in ga kamar garin ne duka ya taru a shagona, sirara, farare, ba mai magana.

Talata, 26 ga Fabrairu

Duk wanda na yi wa kyandir ban sake ganinsa a kasuwa ba. Masu kawo zaren ma sun fara ɓacewa. Na gaya wa Fada Marin, ya ce, "Pribil, kyandir roƙo ne, ba ciniki ba." To. Ni dai ban sani ba ko waliyyi muke nuna wa tsawonsu ko mai haƙan kabari.

Laraba, 5 ga Maris

Stanica ta kwanta.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta ce in auna ta, na ƙi. Iya Radula ta leƙo ta taga, tsumma mai ruwan tsami a hancinta, tana faɗa: "Kai Pribil, ka auna gari kaf, sai matarka ce waliyyi ba zai sani ba? Dogon banza!"

Na ɗauko zare. Goshinta kamar murhu. Da na kai diddige hannuna ya ƙi yanka, na ƙara kamu guda.

"Ka wuce," ta ce, idonta a rufe.

"Ban wuce ba."

"Maƙaryaci. Yanzu waliyyin zai je ya warkar da wata doguwa."

"Ya warkar da ku duka biyun."

Ta so ta yi dariya, tari ya hana. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Na yini a coci ina warware mata gammon kaɗan-kaɗan. Wutar kyandirori birjik a ƙasa kamar jiragen kamun kifi da yamma, ɗaya bayan ɗaya suna shigewa. Na yi gyangyaɗi, na gan ta tana tafiya a kan ruwan tasha, doguwa, tana sunkuyawa ta wuce ƙofar gari.

Da na farka wutar ta cinye tsawonta na gaskiya, ta shiga ƙarin da na yi. Na ce wa waliyyi, wannan kamun ba sata ba ne, ka cire daga nawa, ina da shi da yawa.

Asabar, 15 ga Maris

Kaluluwar ta fashe, zazzaɓi ya sauka. Ta nemi miyar wake, ta sha, ta ce gishiri ya yi yawa. Na shiga shago na yi kuka har kakin ya daskare a tukunya.

Alhamis, 20 ga Maris

Hammatata na ɗan ciwo. Ɗaukar tukunya ce, ba komai. Ban gaya mata ba.

Da rana na kishingiɗa a benci, jikina da ɗumi. Can sai na ji zare mai sanyi a goshina. Stanica ce, tana riƙe numfashi don kada in farka. Zaren ya bi ƙirji, ya bi gwiwa, ya kai diddige, bai tsaya ba. Ina jin ƙafafunta suna ja da baya har bakin ƙofa.

Ban buɗe ido ba. Gobe zan nuna mata yadda ake narka kaki, don dai ta iya.