Wa Ya Rubuta wa Mudira, Yaya Habi?

Zuwa ga yayata Habi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, Ya yalwata miki makwanci. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma da sai kin yi wa ajamina dariya, yadda kika saba tun muna gaban allon Baba a Mai Wurno. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro wata uku ke nan, kuma ba wanda zan iya faɗa wa sai ke, don ke ta shafa.

Bari in fara ba ki labarin gida. Malam Idi, mijinki, ya koma shagon ɗinkinsa na Bab Sharif a nan Jidda. Ya rame, rigunansa sun yi masa yawa. Yayarsa, Gwaggo Dije, ta taso daga Makka ta zo tana riƙe masa gida. Tana da kirki, sai dai ta sauya wa tukwanenki wuri, abin ya ba ni haushi ban san dalili ba. Mai kawo ruwa har yanzu in ya iso ƙofarku sunanki yake kira kafin ya tuna. Mu kuma muna nan unguwar Karantina yadda kika bar mu. Mijina, baban Suwaiba, yana dakon buhuna a bakin teku, bayansa na damunsa. 'Yan biyu sun fara surutu.

Saura 'yata Suwaiba. A kanta nake rubuto miki.

Kin tuna yadda muka fara? Makarantar 'yan mata ta wajenmu gidan haya ce, yara a kan tabarma, malama yau ta zo gobe ba ta zo ba. Taku ta unguwar Balad kuwa akwai kujeru, akwai malamai daga Masar, kowa so yake 'yarsa ta shiga. Doka ta ce ba a ɗaukar yarinya sai mai kwana a unguwar, kuma sai da takardar umda, mai unguwa. Ni na zo na same ki a kan soro kina shanya, na ce ki ara mini gidanki. Ara na ce, na tuna kalmar. Kika ce to.

Malam Idi ya je wajen umda da shaidu biyu, ya ce matarsa ce ke riƙon yarinyar. Aka buga hatimi. Ba mu kaɗai ba ne, kin fi ni sani. Wasu ɗaki suke kamawa na wata guda, a rubuta yarinya, su sake shi. Akwai gidan nan mai koren taga a lungunku, in aka bi takarda 'yan matan da ke kwana a cikinsa ba za su samu wurin shimfiɗa ba, alhali tsohuwa ɗaya ce a ciki da kyanwarta. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, kowa kuma yana kallon ɗan'uwansa ta gefen ido.

Shekara biyu muna yi. Bayan asuba in sako ta a mota, mu sauka a Bab Makka, mu biyo ta bayan kasuwa don kada wata malama ta gan mu. In miƙa miki ita ta ƙofar baya, ki ba ta shayi da burodi, ki gyara mata kitso, ta fito ta ƙofar gaba kamar a nan ta kwana. Muka bar tsohuwar rigar makarantarta a igiyarki, kullum a shanye, saboda masu leƙe. Ni na koya mata ƙarya, Yaya. Ni na zaunar da ita na ce in an tambaye ta ina gidansu ta faɗi naki, in kin je ɗaukarta ta kira ki Umma a gaban malamai. Ranar farko da ta kira ki haka ina ɓoye bayan shagon mai turare, na ga fuskarki. Na gani, na kuma yi kamar ban gani ba.

Kin rasu a goman tsakiya na azumi. Bayan salla aka koma makaranta, sati bai cika ba mudira, shugabar makarantar, ta aiko a zo. Na je. Ta ce an kawo mata takarda ba suna, cewa Suwaiba ba a Balad take kwana ba, a Karantina take. Ta ce ko dai yarinya ta tabbata a gidan da aka rubuta, ko in zo in ɗauki abata kafin ƙarshen wata. Halas, shi ke nan, ba ta ƙara komai ba.

Kin san wanda zuciyata ta fara kawo mini. Ladidi, maƙwabciyarki, wadda aka ƙi ɗaukar 'yar ƙanenta bara don aji ya cika. Ba ita ce kullum take zaune a bakin taga lokacin da muke shigowa ta baya ba? Ba ita ta taɓa tambayarki me ya sa rigar nan ba ta bushewa ba? Na tare ta a bakin famfo a gaban mata, na faɗa mata maganganun da ba zan iya rubutawa ba. Ta rantse da Alƙur'ani, ta yi kuka, ban saurare ta ba. Daga ita na koma kan magatakardan umda, da na ji an ce yana tona wasu don ya buɗa wa wasu wuri. Har Malam Idi sai da na zarga, na ce ko ya gaji da ɗawainiyar 'yar wani tunda mai haɗa mu ta tafi. Kwana goma ba wanda na gaisa da shi da zuciya ɗaya. Mace ta yi mini murmushi a kasuwa sai in ce ita ce.

Sai na koma wurin mudira na roƙe ta ta karanta mini takardar. Da farko ta ƙi, da ta ga ba zan tashi ba ta ɗauko. Rubutun irin na masu rubuta wa mutane wasiƙa ne a bakin gidan waya, wannan bai nuna kowa ba. Amma abu uku na ji da suka tsaya mini a rai.

Na farko, ta ce takardar ta iso tun kafin hutun azumi, ayyuka ne suka sa ta ajiye ta. Ke nan an rubuta ta kina raye.

Na biyu, a ciki an ce yarinyar tana shan wahalar hanya, har ta taɓa yin haɓo ta suma a mota wata safiya. Yaya, wa ya san wannan? Ranar da abin ya faru na kawo miki ita gaban rigarta duk jini, kika wanke, kika goge da dutsen guga kafin a buga ƙararrawa. Na roƙe ki kada ki faɗa wa kowa, don in babanta ya ji zai ce a bar karatun. Ban faɗa masa ba har yau. Ladidi ba ta gari a satin, tana Madina. Malam Idi ya riga ya fita shago. Mu uku ne a ɗakin, ta ukunmu kuma shekararta takwas.

Na uku shi ya fi tsaya mini. Mai takardar bai ce a kore ta ba. Cewa ya yi yarinyar haziƙa ce, kada a cutar da ita, a dai tilasta wa iyayenta su zaunar da ita a gidan da suka rubuta. Wane maƙiyi ne yake tona asiri yana roƙon alfarma? Mai son kujerar Suwaiba ina ruwansa da inda za ta kwana?

Na fito ban san ta ina na bi ba, sai ga ni a ƙofarki. Na tambayi Malam Idi, a hankali, ko kin taɓa fita ke kaɗai cikin Sha'aban. Ya yi tunani ya ce sau ɗaya, kin ce za ki wurin mai magani, ya yi tayin raka ki kika ƙi, kin kuma daɗe. Gwaggo Dije tana jin mu, sai ta ce ai ta ga wata sabuwar katifa ƙarama a naɗe a saman kabad, da matashi da zanen gado, ba a taɓa kwana a kai ba, ta ɗauka ta baƙi ce. Aka sauko da ita. Audugar ko kwanciya ba ta yi ba. Tsawonta bai kai na babban mutum ba.

Ke ce, Yaya Habi?

Ina tambaya, ina kuma jin kunyar tambayar. Wataƙila da gaske mai magani kika je. Wataƙila katifar ta 'ya'yan baƙi ce masu zuwa Umra. Wataƙila Suwaiba ta ba wata ƙawarta labarin haɓon, ya bi baki ya isa inda ya isa. Na tambaye ta, ta ce ba ta tuna ba. Ta yaya zan ɗora wa mamaciya abin da ba za ta iya tashi ta musa ba? Ke da kika goya ni daga bakin jirgi har masauki ranar da muka sauka garin nan ƙafata a kumbure? Amma duk ta inda na juya maganar, a ƙofarki take tsayawa.

To in ke ce, ni ma ina da abin faɗa, don ban fi ki gaskiya ba. Sau uku kina roƙona in ba ki ita. Na farko ranar sunanta, cikin wasa. Na biyu da na haifi 'yan biyu, kika ce hannuna ya cika, ke kuma shekara goma sha bakwai ɗakinki shiru. Na uku a kan soron nan, ranar da na zo aron gida. Kika ce tunda takarda za ta ce a nan take, me zai hana ta zama a nan ɗin? Na ce in ta shiga aji biyu. Da ta shiga na ce in ta ƙara wayo. Ban taɓa niyyar ba ki ba, Yaya. Ko rana ɗaya. Na ga in na ce a'a kai tsaye za ki iya hana ni gidan, shi ya sa na riƙa ja miki rai. Na karɓi adireshinki, na karɓi shayinki da hatimin umdanku, na sa 'yata ta kira ki Umma a inda zai amfane ni, da azahar kuma in zo in janye ta daga hannunki. Ban taɓa bari ta kwana ba ko daren salla. Tsoro nake ji kada ta fi son ki.

Me ya sa ba ki faɗa mini a fuska ba? Ko kin faɗa, ni ce na toshe kunne? Kin san a lokacin ciwon ya ci ƙarfinki, ko kina zaton za ki tashi? Kin yi tunanin abin da zai faru in mudira ta kai maganar gaba, aka kira Malam Idi kan shaidar ƙarya, aka taɓa iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan? Ke mai taka-tsantsan ce, wannan ne kaɗai yake sa in ce anya kuwa.

Na je na ba Ladidi haƙuri. Ta amsa, amma ta daina buɗe taga in na wuce. Ban gaya mata wanda nake zargi yanzu ba. Ban gaya wa Malam Idi ba, ban gaya wa baban Suwaiba ba, kuma ba zan faɗa ba.

Ga yadda aka ƙare. Baban Suwaiba ya ce a dawo da ita makarantar tabarma, ni na ƙi. Gwaggo Dije ta ce a kawo ta, ita ma za ta samu abokiyar hira. Na haɗa mata kayanta a akwatin ƙarfe na kai ta da kaina. Malama biyu suka zo dubawa, suka ga shimfiɗarta da littattafanta, suka tafi. Yanzu ba ƙaryar da ta rage a takardar umda, sai sunan mai riƙon.

Ranar Alhamis take zuwa mana, ta kwana ɗaya. Ta yi ƙiba, haɓon ya daina. Larabci ya fara cin Hausarta, 'yan biyu suna kallonta kamar baƙuwa. Juma'ar da ta wuce, ana idar da la'asar ta ɗauki jakarta, ta ce in yi sauri in raka ta, tana so ta koma gida kafin magariba. Ina tsaye a tsakar ɗakin da na haife ta. Ban gyara mata ba. Na ɗauki mayafina na raka ta.

In ke kika rubuta, na yafe miki, duniya da lahira. In ba ke ba ce, ki yafe mini wannan zaton, ki haɗa da na soro. Allah Ya jiƙanki, Ya sada mu a inda ba a ɓoye wa juna komai.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki,
Kulu, uwar Suwaiba
Karantina, Jidda