Kwalbar Fanta

Litinin, 22 ga Afrilu 2024

Ɗanƙarami, kana ina ne? Sati uku ba rezon waya a inda suka kai ku can Diffa, to ga ni ina zuba wa tarhon da ka sai mini magana. Ka tafi ka bar ni da madam ɗinka. Kwana tara ke nan pampon Birni bai ɗiga ba, ita ko wanka biyu take so a rana, wai ciki. Ni na haifi bakwai, wa ya ba ni wanka biyu? Na sa kwaɗo a ɗakin randa.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Na maida madam ɗin taka ɗakin rufin kwano na yamma. Ɗakin ƙasa mai sanyin nan na ba Safiya 'yar wana, ta zo daga Gaffati. Ita ya kamata ka aura, ka sani, ka je ka kwaso Fanta don ta iya faransanci.

Fanta ta kwashe kayanta. Kwalbarta kawai ta roƙa a bar mata a tagar zaure. Wata ƙatuwar kwalba, ta zuba tsakuwa da gawayi da ƙasa, ta dasa ɗan haki, ta liƙe bakin da kyandir. Wata uku ba a buɗe ba kuma hakin kore shar. Wai darasin 'yan lakkol ɗinta ne, makarantar da take koyarwa.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Na ce mata wannan tsafi ne ko me. Ta yi dariya, wai Inna duniya ce ƙarama. Ruwan ciki ya tashi ya yi gumi a jikin kwalba ya koma ƙasa, hakin ya yi iskarsa da kansa. Wai mu ma haka Allah ya ajiye mu, ga ruwa, ga iska ta lulluɓe mu kamar murfi, ga rana ba kusa ba ba nesa ba. Da an matso da mu kaɗan da mun dahu, da an ja mu baya da mun daskare.

Na ce to malama, tunda ruwa na komawa da kansa, moɗa huɗu ta ishe ki yini. Safiya har da riƙe ciki don dariya.

Alhamis, 2 ga Mayu

Zafi yau ko kaji sun buɗe baki. Moɗa huɗu.

Asabar, 4 ga Mayu

Jiya Fanta na lakkol na ɗauki kwalbar na aza tsakar gida kan siminti, tun hantsi har la'asar. So nake in gani in gaskiya ne. Gaskiya ne. Hakin ya yi laushi kamar rama a tukunya.

Da ta dawo ta tsuguna da ƙyar, cikin ya tokare ta, ta daɗe tana kallo. Ta ce Inna, taku biyar ne fa tsakanin taga da nan. Na ce ai kin koya mini, na gwada. Leɓenta duk ya tsage, na gani. Ban buɗe ɗakin randa ba, lokacin moɗarta bai yi ba.

Talata, 7 ga Mayu

Fanta ta faɗi a ɗakin kwano da azahar. Safiya ta tsince ta. Cikin wata bakwai.

Unguwarzoma a asibiti ta daka mini tsawa gaban mutane, wai jikin yarinyar nan ba ruwa, a ina take kwana, me take sha? Na ce garin ne ba ruwa, ni na ɗauke pampo? Yaran yanzu ba ƙwari.

Ta haihu, namiji ne. Bai fi tafin hannuna biyu ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Sun sa shi cikin wani akwatin gilashi. Na leƙa ta taga. Kunnenka ne sak, har ɗan lanƙwasan nan. Wata ma'aikaciya ta ce ɗumin ciki a aune yake, iska a aune, ruwa ta ɗan siririn tiyo, in ya ƙaru kaɗan ko ya ragu kaɗan shi ke nan. Ba a buɗewa.

Na ce ni kakarsa ce, a bar ni in matsa in yi masa addu'a. Fanta na kwance, ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce wa yayarta Gana da Hausa, ba da barbarcinsu ba, don in ji: kar a bar ta kusa da kwalbar nan, tana son gwaji.

Gana ta raka ni har bakin ƙofa. Ta ce Inna ki koma gida, in da labari ni zan kawo da ƙafata.

Marar kunya. A gaban mutane.

Juma'a, 10 ga Mayu

Safiya ta koma Gaffati, ni na ce ta tafi, surutunta ya ishe ni. Tunda ɗakin ƙasa ba kowa na sa an maida gadon waccan ciki, kar ƙura ta ɓata ɗakin a banza. Kwaɗon ɗakin randa ma na cire, dama ya yi tsatsa.

An ɗauke kuran, wutar lantarki, tun safe. Ban sani ba ko akwatin nan da kuran yake aiki. Ba wanda zan tambaya.

Kwalbar na wanke. Na samo haki gindin randa na dasa, ban san ko gawayi ke ƙasa ko tsakuwa ba, na dai liƙe da kyandir na maida tagar zaure, daidai inda zoben gindinta ya yi shaida. Tun ɗazu nake dubawa, ba ta yi gumin ba. Ɗanƙarami, in ka samu rezo kar ka fara kiranta, ka kira ni tukuna in gaya maka yadda

Ana buga ƙofa. Ba bugun mai ruwa ba ne, wannan a hankali ake