Mayafin da Umma Ta Wanke

Litinin, 3 ga Maris

Umma ta wanke mayafin. Ta wanke shi! Kwana tara ina duƙe a kansa da burushi, fure ɗaya bayan ɗaya, har wuyana ya sage. Guga kawai ta rage, kuma kowa a gidan nan ya san fenti ba ya kama yadi sai ya sha zafin dutsen guga. Na fita sayo farin fenti, na dawo na tarar da shi a kan igiya yana ɗigar jan ruwa.

Shi zan kai wa mai shagon kaya ranar Juma'a da safe. In ya yi masa, zai ba ni kanta guda in riƙa jera aikina. Shekara biyu ina bin mutumin nan.

Wai "tabo na gani a jiki, Auta." Tabo! Aikin nawa ne tabo? Na gaya mata maganganu. Ban yi nadama ba.

Talata, 4 ga Maris

Na sayo sabon yadi. Na sa wa ɗakina kwaɗo. Umma ta ga makullin a wuyana.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya ta kira, wai in yi haƙuri, uwa ce. Daɗin faɗa gare ta, tana can gidanta ba wanda ya taɓa mata ko tsinke. Dama tun farko Umma ba ta ɗauki sana'ar nan a bakin komai ba, "wasan fenti" take ce mata. Har mantawa na yi ban sa kwali a ƙarƙashin yadin ba saboda takaici, kore ya ratsa ya ɓata min tebur. Mtsw!

Fure goma sha ɗaya yau. Ganyayen sun fito kamar kunnen akuya.

Alhamis, 6 ga Maris

Na gama, na goge ta baya, na ninke. Bai kai na farko ba, amma zai shiga.

Da la'asar na fito na ga Umma tana zuba shayi. Rabi a kofi, rabi a tire, kuma ba ta daina zubawa ba. Na ɗauko sabon mayafin na shimfiɗa a gabanta, na ce ta gaya min abin da ke jiki. Ta kai shi har hancinta. Ta daɗe tana dubawa.

"Akwai ja-ja haka," in ji ta.

Na ce tun yaushe idon ya koma haka? Wai tun bara. Tun bara! Ta ɓoye don kada ta ɗora min nauyi ina fama da neman kantar shago. Wallahi wannan ya fi wankin ƙona min rai. Ni dutse ce da ba za a gaya min ba?

Likitan ido na asibitin unguwarmu ranar Juma'a da safe kawai yake zama, sau ɗaya a wata. Gobe ke nan. Na roƙi mai shago ya ɗaga min zuwa yamma, ya ce akwai wata tana jira, shi ba ya ɗaga lokaci.

Juma'a, 7 ga Maris

Asibitin na kai Umma, likita ya ce yanar ido ce, a idanun duka biyu. Za a yi aiki wata mai zuwa. Mai shago ya ba waccan matar kantar. Kada wanda ya yi min magana.

Lahadi, 9 ga Maris

Ba wai na huce ba. Fenti ne ya ragu a gwangwani, na ga zai bushe a banza. Na ɗauko tsohon mayafin da ta wanke, na sake bin furannin, ban sirka da ruwa ba, na labta shi da kauri har ya yi tudu. Da mai shago zai gani, da ya ce aikin 'yan koyo ne. Oho masa.

Da ya bushe na goge, na kama hannunta na ɗora a kai. Ta bi da yatsa a hankali, ta zagaye ɗaya, ta koma na kusa da shi.

"Ashe furanni ne, Auta."

Kwaɗon nan ma ya cika cijewa. Na cire shi.