In Na Faɗi Gaskiya Kan Fokalif Ɗin Nan, Yayana Zai Rasa Abinci

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, adimin ka rufa mini asiri ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle.

Ni bakanike ne a Tambuwal, tarakta da injin ban-ruwa nika gyara, amma asalinmu mutanen Fakku ne. Dako munka gada, kakanmu tun zamanin Jihar Arewa yake lodin auduga da gyaɗa, babanmu ya ɗora, yanzu yayana ne shugaban 'yan dako a siton wani Alhaji mai sayen shinkafa. Ni kaɗai na tsira, shi ma yayan nawa ne ya kai ni gareji ina yaro, ya ce a ɗakinmu ƙashin bayan mutum ɗaya ya isa a karya.

To satin da ya wuce Alhajin ya kira ni, wai an yi masa tallar fokalif ta hannu, motar nan mai ƙaho biyu da ke ɗaga kaya, a wani injin casa da ya rufe wajen Dogon Daji. An ce tana da matsalar ɗagawa, in je in duba, in gyaran mai sauƙi ne ya saya ya sallami 'yan dako, in famfonta ya mutu ya haƙura. Ba zan ɓoye muku ba, na tafi ina roƙon Allah ya sa ta mutu murus. Na tayar, inji lafiya lau. Anka jera mata buhuna ta ɗaga, na kashe na tsaya kallo, sai ga kaya suna sauka a hankali kamar tsoho zai zauna. Har na fara murna. Da na leƙa sai na ga mai yana tsattsafowa ta wuyan silinda, tiyo ɗaya kuma ya tsage. Na murza man haidirolik ɗin a yatsa, ko ɗigon garin ƙarfe babu, famfo ba ya kuka, sarƙa garau. Jama'a, robar wuyan silinda ce kawai ta cinye sai tiyon nan, aikin yini guda ne.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. 'Yan dako sunka cika mini gareji, wani ya ce ai ba ƙarya zan yi ba, tunda da idona na ga tana sakin kaya, in faɗi wannan in ja bakina. Wani ya ce na ƙoshi da guminsu zan yi musu butulci, na hasala na ce ni na ƙera ta? Na je wurin Inna, ta ce in ji tsoron Allah, na ce ta wane gefen, ta ce in bar ta ta ji da hawan jininta. Malaminmu kuwa ya ce rabin gaskiya don a ɓatar da mutum ha'inci ne, arziki na Allah ne. Na sani wallahi, amma ba malam ne zai kalli ɗiyan yayana ba in tukunya ta ƙi hawa wuta. Ana cikin haka Alhaji ya bugo, wai in an saya ni zan riƙa tuƙa ta, har da albashi. Kun ji fa, gaba kura baya sayaki.

Yayana kuwa sai jiya bayan la'asar ya zo, ya daɗe yana lallaɓa bayansa kafin ya iya zama kan taya. Ya ce, ƙanena, tana da rai? Na ce tana da. Ya gyaɗa kai, ya ce kada in kuskura in yi ƙarya dominsa, alfarma ɗaya yake so, in an sayo ta in sa masa baki wurin Alhaji a bar shi ya riƙa share siton. Na shige ƙarƙashin tarakta don kada ya ga idona.

Gobe Alhaji ke jiran amsa. Mi za ni gaya masa? In kuma gaskiyar ce, ku faɗa mini, da wane baki zan roƙa wa yayana tsintsiya?