Wadda Ba Ta Ga Komai Ba

Litinin, 3 ga Maris, 2003
Mama, ki gafarce ni. Na san a daji kin hana mu rubuta ko harafi, kin ce takarda mai suna tana iya kashe mutum. Yaƙin tsibirinmu na Bougainville ya ƙare, ke ma kin riga mu gidan gaskiya, kuma Sista ta cocinmu ta ba ni wannan littafi ta ce in zuba abin da bakina ya kasa faɗa. Ba zan yi yawa ba.

Ludwina ta dawo. Ƙanwata da Inna Scholastica ta tsallaka teku da ita zuwa Honiara, can tsibiran Solomon, a kwale-kwale tana goye, don gudun yaƙi. Yanzu shekarunta sha huɗu, ta fi ni tsayi. Ajinmu ɗaya, don yaƙi ya ci mini shekaru.

Alhamis, 6 ga Maris
Ludwina ta bar rabin gwaza a kwano. Ta ce ta ƙoshi. Haka kawai!
Ni kuwa dankali biyu ne cikin rigar matashina, na jiya da na yau. Na san akwai abinci gobe. Hannuna ne bai sani ba.

Lahadi, 16 ga Maris
Muna fitowa daga coci jirgi mai saukar ungulu ya wuce, na masu sa ido kan zaman lafiya. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin motar Fada, limamin cocin, ba. Ludwina kuwa tana ɗaga wa jirgin hannu. Ta leƙo ta ce, "Yaya Perpetua, kanikanci kika koya?" Yara suka kwashe da dariya. Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan.
Ina son fatar ƙafarta. Ba tabo ko ɗaya.

Laraba, 26 ga Maris
Kawu Raphael ya sa ranar sulhu da dangin Tobias, mutumin da ya harbi Baba a bakin rafi. Za su kawo alade da igiyar wuri, ya faɗi abin da ya yi, a tauna buai, goron ƙasarmu, tare. 'Yar fari ce ke karɓar wurin. Ni ce 'yar fari.
Kawu ya ce Ludwina za ta karɓa. "Ke jikinki rawa yake yi, 'yata. Kada mu ji kunya a gaban mutane."
Na ce to. Kullum to nake cewa.
Ni ce na kwanta cikin ciyawa na gani. Ke kika toshe mini baki da tafinki, Mama. Ita tana can tana shan ƙanƙara mai zaƙi. Sun ba ta takalma, sun ba ta barci, yanzu har Baban za su ba ta.

Asabar, 29 ga Maris
Inna ta ɗinka wa Ludwina sabuwar riga. Ban yaba ba.

Asabar, 5 ga Afrilu
An yi.
Tobias ya tsufa, ban zaci zai zama ƙarami haka ba. Ya faɗi nasa. Sannan, kamar yadda ake yi, ya miƙo wurin ya ce wa mai karɓa ta kira sunan mamacin, sunansa na gida, wanda ake kira kafin a yafe.
Ludwina ta yi tsaye. Joseph kawai ta sani, sunan Baba na baftisma. Babu wanda ya tuna ya gaya mata, don mu duk mun ɗauka kowa ya sani, kuma ba mu furta shi ba tun ranar. Fili ya yi tsit har ana jin aladen yana numfashi.
Gaskiya, daɗi na fara ji. Allah ya yafe mini.
Sai ta juyo, ba wajen Kawu ba, wajena. "Yaya," ta ce.
Ban san yadda na isa can ba. Rawar da Kawu yake gudu, kowa ya gan ta. Na faɗi sunan. Muka riƙe igiyar tare, ita gefe, ni gefe. Buai ɗin ya yi ɗaci, amma ban tofar ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Muna kankare kwakwa ta ce, "Ke kin san muryar Mama. Ni ko hoto ba ni da shi. Tun da na zo nake jin haushinki."
Na ce, "Ke? Haushina?"
"Kowa in ya tuna wani abu ke yake kallo. Ni baƙuwa ce mai takalma."
Na so in ce mu yi musaya. Ban ce ba, don ban tabbata zan yarda ba.

Talata, 8 ga Afrilu
Har yanzu ina jin zafin yadda take dariya da baki buɗe. Kada ki ce na canza.
Dankalin matashina ta gani tun tuni, ashe. Yau na fito da shi muka raba a hanyar makaranta. Yunwa ce kawai.
Ta tambaye ni waƙar da kike yi in kina daka ayaba. Na tuna rabi. Tana son sunan Baba na gida a rubuce, da na rafin, da naki na gida.
Shafukan sun rage da yawa, Mama. Ba wanda zai zo ya bincika jaka yanzu. Kin yarda in sake rubutawa gobe, har da sunaye?